Yaran Nahuce a Gindin Lasifika

Da sankarau ya lafa, muka shirya wasan kiɗa a Gusau don tallafa wa waɗanda suka tsira. Ni na nace a ba ni makirufo, wai na fi kowa iya baki. Na jera yaran garin Nahuce da suka tsira a gindin lasifika don su more.

Masu jita suka ɗauka, na ƙwala: "Yara, ku tafa!" Babu wanda ya motsa. Na maimaita, har da ɗaure fuska.

Sai kakar ɗayansu ta ce, "Malam, ai ciwon da kunnuwansu ya tafi."

Makaɗan suka sauke hannu.

Har yau in na shiga tasha, direbobi kan ce, "Malam, mu muna ji. Mu tafa?"