Motata da Kwalbatin Ƙofar Gidanmu

Shekarar da soja suka koma bariki na sayi 'yar ƙaramar motata, kuma ba a yi wata biyu ba na yanke hukuncin cewa ta cika tsayi. So nake ta kwanta ƙasa irin ta 'yan gayu. Na samo gajerun sifirin da shokazoba na gwanjo, masu araha, na kai wa bakanikena, Malam Sabo.

Ya jujjuya su, ya ce, "Malam, a unguwar Kabara fa kake zaune, ka san hanyoyinku."

Na ce, "Ɗaura kawai, na yi bincikena."

Ranar sunan ɗana na ɗauko surukata, Hajiya Yaya, da ƙannenta biyu, mata masu jiki tubarkalla. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ina ɗaga wa jama'a. Muna hawa kwalbatin ƙofar gidanmu, a idon 'yan suna, sai ƙasan motar ya dafe, bututun salansa ya faɗi ƙwal.

Hajiya ta fito a nutse, ta gyara mayafi, ta ce, "Kai, mota mai ladabi! Har durƙusa mana ta yi."

Sai da ƙarti takwas suka ciccibi motar. Har yau in na doso majalisa sai wani ya ce, "Mai Ladabi, yau kuma wa aka durƙusa wa?"