Yadda Ake Tsere wa Gaisuwa a Yanke Shinkafa Kafin Ruwa

Ni na riga kowa gani. Tun kafin masu dogon karatu su cika rediyo da zancen a tsara lokaci, a tsara lokaci, ni Bunu na bakin jinga na gano ɓarawon da ke sace wa manomi ranarsa. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana dangwala yatsa nake yi. Amma ambaliya shida ta same ni a fadamar nan ta ƙasar Auyo, ga ni nan da haƙorana goma sha ɗaya ina shan rake. Maƙwabcina Malam Isa ne ke rubuta wannan, kuma na gaya masa in ya gyara mini magana ban yafe ba. Ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari shinkafarka za ta hau tudu kafin kogi ya ci ta.

Mataki na ɗaya: Ka tashi da buri guda

Kai da ke farkawa da buri bakwai, koma ka kwanta, ka riga ka faɗi. Bana abu ɗaya na sa a gaba: shinkafata ta bakin kogi, wadda bakuna goma sha huɗu za su ci shekara da ita. Ta kusa nuna, kogi kuma yana cikowa. Na kafa kara a bakin ruwa, kullum da safe sai in tarar ya haɗiye yatsa biyu. Na lissafa, na ce saura kwana goma sha biyu ya haura jingar da ke tare ruwa daga gonaki.

To duk abin da ba shinkafa ba, ka tura shi bayan girbi. Ɗaki mai yoyo, bayan girbi. Aski, bayan girbi. Haƙori in ya fara ciwo, ka gaya masa ya bi layi. Salla ce kaɗai ba a ɗagawa.

Mataki na biyu: Ka san ɓarawon

Gaisuwa ce. Daga ƙofar gidana zuwa gona mutum ashirin da bakwai nake wucewa, da tsakuwa a aljihu na ƙirga su. Kowanne sai ya ji yadda na kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da sauro, da gwiwar da na gurɗe tun ina saurayi. In ka gama amsawa, kai ma ka mayar masa da tasa. Kafin ka isa gona, tsuntsayen jan-baki sun karya kumallo da shinkafarka, sun koma kan bishiya suna gyatsa.

Mataki na uku: Cire birki

A kan keke ake gaisuwa. Tun daga nesa ka ɗaga hannu, ka dunƙule amsoshin duka ka jefa masa: "Lafiya lau, gajiya babu, iyali ƙalau, ruwa da godiya, a gaida gida!" Sai ka ƙara feda. Sallama dole a amsa, amma ban ji malamin da ya ce sai da ƙafa a ƙasa ba.

Ni mutum ne mai ƙin ƙarya, shi ya sa na kwance birkin kekena gaba ɗaya. Duk wanda ya ce in tsaya sai in ce, "Babu birki!" kuma gaskiya na faɗa. Sau biyu na zarce cikin kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Kada ka kira wannan asara. Wankan ranar ne aka yi da wuri.

Mataki na huɗu: Kowa yana da Tukur ɗinsa

Nawa Tukur ɗin Bafulatani ne, abokin wasana tun muna yara. Kullum yana gindin tsamiyar mararraba, kamar shi aka ba gadinta.

"Kai, Babarbare! Bawan gidanmu! Haka ake wuce ubangida?"

"Babu birki, Bafillace!"

"To jibi ina gayya, ka zo da laujenka!"

"Bayan girbi!"

"Girbin nake gaya maka, tsohon kawai!"

Lokacin na riga na sha kwana. Gayya ita ce a taru a yi wa mutum aikin gonarsa yau, gobe shi ma ya je ta wani. Ka lura da wannan goben, a nan ranarka take mutuwa. Na tsallake gayyar Tukur, na tsallake ta Haris mai gyaran injin ban-ruwa, na tsallake wasu biyar. Wayar hannu kuwa, ka tura ta cikin tukunyar gero ka rufe. Mai nemanka da gaske ya san hanyar fadama.

Mataki na biyar: Kada ka yi koyi da Gumsu

Matata ce, shekara arba'in da ɗaya muna tare, kuma ban ga mai wasa da lokaci kamarta ba. In ta tafi ɗebo wuta a maƙwabta, sai wutar ta mutu a hannunta ta koma ɗebo wata. Barka, suna, dubiya, ta'aziyya har Birniwa, babu wadda ke wuce ta. Gayyar Tukur da na tsallake, ita ta dama kunu ta kai. Na zaunar da ita na yi mata bayani kamar yadda nake yi maka. Ta saurara tsaf, ta ce, "To, Malam. Allah ya ba ka inda za ka ajiye lokacin da kake tarawa." Ta ɗauki mayafi ta fita.

Mataki na shida: In kogi bai iya lissafi ba

Rana ta takwas na je duba karana, babu kara. Ruwa ya haura jinga, yana shiga gona a hankali kamar baƙon da ya san gida. Lissafina daidai ne, kogin ne ya yi gaggawa. Aikin kwana huɗu ya zama na yini ɗaya, sai da hannu talatin.

Na tsaya a mararraba da ƙafata ina kiran gayya. Na farko ya taho a babur, ya ɗaga mini hannu: "Lafiya lau, gajiya babu, a gaida gida!" Ya wuce. Haris da ƙafa yake tafe, amma shi ma ya ce babu birki. Sai ga Tukur a kan jakinsa, yana tafiya kamar ba ya so.

"Tukur, don Allah tsaya, shinkafata..."

"Ayya, Babarbare, jakin nan an kwance masa birki. Bayan girbi!"

Na yi alfahari, wallahi. Gari guda ya ɗauki karatuna ba tare da allo ba. Na shiga gona ni kaɗai, ruwa iya gwiwa. Zuwa azahar na yanki dami biyar a gonar da ke yin ɗari biyu. Malam Isa ya ce an ga fuskata a jiƙe. Ruwan kogi ne, rubuta haka.

Mataki na bakwai: Ka tabbata tun farko ka auri mai ɓata lokaci

Gumsu ta kawo mini fura, ta dubi damin nan biyar. Ta shiga gari gida-gida. Na ce ta yi sauri, amma ina! An ce a kowane gida sai da ta zauna a tabarma, ta tambayi tarin yaro da ƙafar tsohuwa, sai za ta miƙe take cewa, "Af, shinkafar Malam fa tana cikin ruwa."

Washegari da sassafe mutum talatin da huɗu suka sauko fadama da lauje, da kwale-kwale uku. Tukur ne a gaba, ya naɗe wando.

"Ba don kai muka zo ba," in ji shi. "Lokacin da uwar 'ya'yana ta kwanta a asibitin Hadeja, Gumsu ce ta yi jinyarta kwana biyar. Amma ba mai sa lauje sai ka gaishe mu. Ɗaya-ɗaya. Cikakkiya."

Ruwa iya ƙugu, yana ta hawa. Na ce, "Ina kwana, Tukur?"

"Lafiya lau. Ci gaba."

"Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya shanu?"

"Shanun ma ɗaya-ɗaya. Fara da jar saniyar."

Na tambayi jar saniya. Na tambayi injin Haris. Na tambayi sauron gidan kowa. Kafin in kai na talatin da huɗu ruwa ya taɓa cibiyata, Gumsu na kan jinga tana raba kunu tana toshe baki da mayafi. Daga nan lauje ya shiga aiki, ana yanka ana lodawa a kwale-kwale. Kafin magariba komai ya hau tudu. Da aka buge, buhu talatin da ɗaya muka samu a inda nake sa ran arba'in. Taran da suka tafi, gaisuwar jar saniya ce ta ci su, wanda ya tabbatar da mataki na biyu.

Ka ga hikimar? Gaisuwar shekara guda na dunƙule na yi ta a safiya ɗaya. Ita Gumsu tana ɓata lokaci a madadin gida, ni ina tattalawa. Tun ranar ɗaurin aurenmu na tsara haka, ban dai gaya mata ba.

Gargaɗi

In ka bi matakan nan ka faɗa kacalla, ko gari ya daina amsa maka, ko ka duba gidanka ba ka ga Gumsu ba, babu ruwana, babu ruwan Malam Isa. Ni na ce ka cire birki, ban ce ka cire shi ba ka da mai tare ka ba.

Mai shakkar maganata ya zo ya ƙirga buhunan, suna nan a ɗakin da har yanzu yake yoyo. In bai gamsu ba, gobe da hantsi ya tsaya a tsakiyar hanyar fadama ya jira kekena. Gaskiya ne Gumsu ta sa an mayar mini da birki. Amma ban yi wa kowa alkawarin zan matsa shi ba.