Tanimu Jamus da Allurar Hita

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Tanimu Jamus. Sunan ya samo asali ne daga wata uku da ya yi yana ɗaukar wa wani Bajamushe akwatin kayan aiki, lokacin da ake kafa injina a wani kamfanin auduga. Wata uku kacal! Amma yau shekara ashirin ke nan muna shan labarin. In rediyonka ta lalace, Tanimu ya san ciwon tun kafin ka buɗe baki. In jirgin sama ya wuce, sai ya karkata kunne ya ce, "Wannan injinsa na hagu yana shan mai." Ni dai ban taɓa ganin abin da ya gyara ya tashi ba. Fankar masallacinmu da ya taɓa, har yau baya take juyawa.

To, yana da wani ɗan ƙanin uba a Jos, Likita Ɗalhatu, wanda ya daɗe a Turai ya dawo ya gina asibiti. Tanimu ya ji ana neman mai kula da injina da famfunan asibitin. Ai kuwa ya ɗinka sabuwar riga, ya sallami majalisa, ya ce mana, "In kun gan ni a garin nan, to hutu na zo." Ya hau mota sai Jos, aka sauke shi a ɗakin baƙi.

Gidan Likita akwai wata irin hita da ya taho da ita daga can. Farin akwati ne maƙale a bangon kicin, da gas take aiki. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke tura ruwan zafi ta bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da aka kafa a kowane ɗaki don ɗumi. Kun dai san sanyin Jos, ba ya jin bari. A gabanta akwai ɗan agogo mai allura ɗaya, shi ke nuna ƙarfin ruwan da ke ciki. In allura tana kan kore, lafiya lau. In ta faɗa ja, hita ta yi yaji.

Ana nan sai hita ta fara rigima. Kullum da yamma Likita zai ƙara mata ruwa, allura ta hau kore. Kafin ya tashi wankan safe, ta faɗa ja. Ana karin kumallo ya yi ƙorafi, ya ce zai nemo mai gyara.

Tanimu ya dire kofin shayi, ƙwal!

"Mai gyara? Ina cikin gidan? Haba Ɗalhatu, ai wannan cin fuska ne. Irin wannan hita, Bajamushe da kansa in ta gagare shi ni yake kira."

Likita ya ce, "To Yaya Tanimu, ga fili ga mai doki. In ka gano ciwonta, aikin asibiti naka ne."

Tanimu ya naɗe hannun riga. Ya kafa kunne a jikin hita, ya ƙwanƙwasa nan, ƙwan-ƙwan, ya ƙwanƙwasa can. Ya girgiza kai irin na wanda ya ga abin tausayi.

"Allurar ce ta gaji. Iskar ƙasar nan ba ta karɓe ta ba."

Da kowa ya watse, sai ya ɓalle gilashin agogon, ya tura allura kan kore, ya tokare ta da tsinken ashana, ya mayar da gilashi. Da yamma Likita ya leƙa, ga allura cas a kan kore. Washegari da safe ma ya leƙa, tana nan daram. Ya yi hamdala, ya shiga wanka, ya shafe jiki da sabulu har ido, ya murɗa famfo. Shaaa! Ruwa kamar ƙanƙara. Ihun da ya yi, har kajin maƙwabta sai da suka amsa.

Wani zai ji kunya. Ban da Tanimu. Cewa ya yi, "Yawwa! Gwaji na yi dama. Yanzu na tabbatar ba allura ba ce. Bututu ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa."

Ya ari guduma wurin maigadi, ya durƙusa a tsakiyar falo, ya kasa kunne a daɓe.

"Ga shi nan, ina jin kukansa."

Tim! Tas! Tayil uku suka tafi. Ƙasa a bushe ƙayau. Ya matsa gaba. Tim! Tas! Kafin azahar falon Likita ya koma kamar gonar dankalin da aka gama haƙa, ko ɗigon ruwa babu.

A nan ne Hajiya Kilishi, mahaifiyar Likita, ta fito tana dogara sanda. Tsohuwa ce mai karantar da matan unguwa, ga ciwon gwiwa da ba ya shiri da sanyi, ga baki kamar reza.

"Tanimu, rijiya kake haƙa mana ko kabari?"

"Inna, aikin injiniya sai haƙuri."

"Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ɗalhatu, kira mini Gyang."

Gyang wani dattijo ne mai gyaran famfo, ɗan siriri, da tsohon babur da jakar buhu. Shi ya taya kafa hitar tun farko. Tanimu ya dube shi sama da ƙasa ya taɓe baki.

"Wannan? Ka taɓa aiki da Bature kuwa?"

"A'a, Oga. Da ruwa nake aiki."

Gyang ya zare tsinken ashana daga agogo, ya ajiye a kan tebur. Ya fita bayan kicin ya shafa bakin bututun da hita ke zubar da ruwa in ya yi mata yawa. A bushe. Ya gwada iskar wata 'yar tukunya da ke cikinta, kamar yadda ake gwada taya. Daidai. Ya cika ruwa, ya rufe hanyar da ke zuwa ɗakuna, ya zauna ya sha shayi. Allura ba ta motsa ba.

"Dakta, hita ba ta da laifi. Ruwan a ɗaki yake fita. Yaushe abin ya fara?"

"Yau kwana goma sha ɗaya."

Gyang ya yagi takardar goge hannu, ya shiga bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, yana shafa gindin kowane ƙarfe. Tanimu na biye da shi yana yi wa Likita sharhi: "Ka gani ko? Da tishu ake gyaran inji? Kai, ƙasar nan ta lalace." Ɗakin Hajiya a bushe. Ɗakin Likita a bushe. Na yara a bushe. Aka zo ɗakin baƙi.

Gyang ya durƙusa. A ƙasan ƙarfen akwai wani ɗan bakin famfo kamar kan yatsa. Ya shafa takarda, ta jiƙe. Ya duba da kyau, ga sawun filaya duk ya cinye kan.

"Wa ke taɓa wannan?"

Jama'a, baki shi ke yanka wuya. Da Tanimu ya yi shiru, da wataƙila an ce tsufa ne. Amma ina! Ya ga an zo wurin da ya fi kowa sani. Ya bugi ƙirji.

"Ni! Ni na gano shi, ran da na sauka. Shi kansa mai gidan bai san da shi ba. Banɗakin baƙi ruwan sanyi ne zalla, sai na yi nazari irin namu na injiniyoyi. Na ce Bature ba ya sa abu a banza. Na sa filaya na murɗa, sai ga ruwa da zafinsa! Famfon alwala ne. Kullum asuba buta biyu nake tara, in rufe abina."

Gyang ya dubi Likita.

Likita ya ce a hankali, "Yaya Tanimu, yau kwananka nawa a gidan nan?"

"Sha ɗaya mana. Me ya..."

Sai ya dubi ɗan famfon, ya dubi Likita.

Gyang ya ce, "Oga, wannan na zubar da dattin bututu ne. Ruwan ciki a kulle yake, zagayawa kawai yake yi. In ka ɗebi buta ɗaya, allura ta faɗi. Mama, a ba ni farin kofi."

Aka kawo. Ya murɗa, tsurrr. Ruwa ya fito baƙi-baƙi, ja-ja, kamar na marina, yana wani irin wari.

"Tsatsa ne da maganin da muke zubawa don kada ƙarfe ya ci."

Hajiya Kilishi ta karɓi kofi, ta shinshina, ta kau da kai.

"Da wannan kake kurkure baki?"

"Inna, da duhu nake yi, a tsakar gida. Buta kuma ba a ganin cikinta."

"Warin fa?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ƙamshin Turai ne."

Gyang ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Likita ya dubi kofi, ya leƙa falonsa da aka farfashe, ya ce, "Gyang, gobe ka same ni a asibiti, akwai aikin da zan ba ka."

Tanimu ya ɗago a marairaice. "Ɗalhatu, ni fa?"

Hajiya ta daka sanda a ƙasa.

"Kai ma ba za ka zauna haka ba, Injiniya. Ruwan da launinsa ya sauya, warinsa ya sauya, ba ya alwala. Sallar asuba goma sha ɗaya ke kanka. Ɗauki butarka, ga famfon sanyi can a tsakar gida."