Ranar da Na Koya wa Dattawan Kusfa Yarda da Juna

Wallahi ban taɓa shiga taro da ƙarfin gwiwa irin na ranar ba. An ba ni aikin shirya wa shugabannin 'yan kasuwar Kusfa bita kan shugabanci, ni kuwa na danƙa wa AI ɗin wayata komai, ya tsara mini tsaf. Abu ɗaya na manta ban gaya masa ba: ƙaramin cikinsu ma ya yi jika.

Darasin farko wai na gina yarda ne. Mutum zai juya baya, ya rufe ido, ya saki jiki ya faɗo, 'yan'uwa su tare shi.

Alhaji Sani, shugabansu, ya gyara babbar riga ya ce, "Malam, mu da ciwon baya? Fara mu gani."

Na ce, "Alhaji, ai ilimin zamani ne." Na jera dattawa huɗu a bayana, har da ɗan jawabina cewa shugaba nagari ba ya shakkar mutanensa. Na rufe ido, na saki jiki.

Daidai nan Mai Unguwa ya yi sallama. Duk huɗun suka juya suka zube gaisuwa, "Ranka ya daɗe!" Ni ma na zube, amma ta ƙeya, hulata ta gangara har gaban takalminsa.

Mai Unguwa ya leƙo fuskata ya ce, "Ikon Allah! Gaisuwar zamani ke nan?"

Har yau in na bi ta Kusfa, sai Alhaji Sani ya ware hannuwa daga bakin shagonsa: "Malam, faɗo! Yau ba mu da baƙo."