Rasuwar Dattijo, Maganaɗisun Ɗakin Gwaji na Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba ta ga dalilin ɓoye shi ba, Malama, ƙaramar malama a sashen Fiziks, tana sanar da rasuwar Dattijo, babban maganaɗisun lantarki na ɗakin gwaji na uku. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara talatin da ɗaya a bakin aiki. Sanarwar ta cika ƙa'ida ce kawai, domin kun san ba shi da lafiya. Shekara uku kuna tsallake bokitin da ke tarar ɗigon tiyon ruwansa, kuna ɗage ƙafar wando, kuna kallon silin.

Marigayi mai haƙuri ne. Bai taɓa shiga yajin aiki ba, bai nemi ƙarin girma ba. Idan aka kunna shi, gunjinsa ɗaya ne, "hummm", kamar limamin da ke gyaran murya. Aibinsa kaɗai son kayan mutane: ya fizge makullai ba adadi, ya kashe wa wani Farfesan sashen agogo biyu. An yafe masa.

Shekara shida Malama tana aiki da shi a kan wata ƙwayar kiristal, ɗan dutse mai ƙyalli, da ba ta kai wake ba. A cikin ƙwayar akwai ƙananan maganaɗisai, hawa kan hawa, kowane hawa ya ɗan karkace daga na ƙasansa, har suka murɗe kamar igiya, jan wannan yana kashe jan wancan. Aikin Dattijo shi ne ya matsa musu. A wani ƙarfi murɗin yakan ɓalle farat ɗaya. A ƙara matsi, su baje kamar mafici. A ƙara kuma, duk su fuskanci wuri guda. Malama ta auna mataki na farko, ta auna na biyu. Na ukun kaɗai ya rage mata ta rufe kundin digirinta, wanda in bai shiga ba ƙarshen watan nan, an soke rajistarta.

Ga yadda jinyar ƙarshe ta kasance. Dattijo ba ya aiki sai ruwa na zagaya wayoyinsa yana sanyaya su. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Ranar Talata ake sa ran kwamitin duba sassa. An yi fenti, an jera tukwanen furanni. Shugaban sashe ya ga tiyo kwance a baranda da bokiti a gindinsa, ya ce abin kunya ne, a kawar kafin baƙi su iso. Mai lambu, bawan Allah mai bin umarni, ya rufe famfo daga waje, ya zare tiyon, ya ga kuma bai kamata a bar shi haka ba, sai ya shayar da furanni da shi.

Malama na ciki, ido a kan kwamfuta, layin awon mataki na uku ya fara lanƙwasar da ta yi shekara shida tana jira. Gunjin ya koma "ziii". Ƙauri ya tashi. Sai "tas".

Baba Injiniya, mai kula da na'urorin ɗakin, ya shigo a guje, ya ɗora tafi a jikin marigayi, ya janye da sauri. Ya ce, "'Yata, sai haƙuri. Ƙishirwa ce. Ko ni aka yi wa haka, da tuni an kai ni." Kwamitin ya yaba furannin a rubuce.

Marigayi ya bar ƙwayar kiristal, wadda ta koma murɗinta kamar ba a taɓa yi mata magana ba. Ya bar kundi mai babi biyar da rabi, da bokiti. Ya bar kuma ƙane guda, maganaɗisu irinsa sabo fil, wanda ke cikin akwatinsa a sito shekara huɗu, ana jiran babban baƙon da zai yanke ƙyalle. Baƙon ya yi ritaya bara.

Malama ta gode wa masu cewa haka Allah ya ƙaddara. Ta yarda. Tana dai tuna musu cewa famfon nan, hannun mutum ne ya rufe shi.

Za a fitar da marigayi gobe Alhamis, ƙarfe tara na safe, daga ɗakin gwaji na uku zuwa sito. Ba a buƙatar jawabi, kuma don Allah kada a kawo furanni. Nauyinsa na mutum takwas ne, na ƙanensa ma haka. Duk wanda ya taɓa tsallake bokitin nan ya zo da kafaɗarsa, domin kafaɗun da suka kai yaya su za su dawo da ƙane. Baba Injiniya ya sayo sabon tiyo. Ranka ya daɗe shugaban sashe, makullin sito na aljihunka na hagu, mun ji ƙararsa. Ka zo da shi.