Gaisuwar Suruki a Bakin Shataletale

Ba zan taɓa mantawa da gwajin tuƙina na farko ba, kuma ko na so in manta, mutanen Wagini ba za su bar ni ba. Har yau akwai tsofaffin da in na gifta sai su ce, "Malam, an dai ja birki ko?"

A shekarun nan ne da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati na ta sayen motoci, direbobi kuwa suka yi ƙaranci. Ofishin gona na Safana ya sami sabuwar jif, aka ce ana neman direba mai natsuwa. Wani ɗan'uwana da ke masinja a can ya kai sunana. Shugaban ofishin ya ce ya ji, amma in kawo lasin kafin azumi ya kama, in ba haka ba akwai mai jira. Ni kuwa a lokacin ba ni da komai sai 'yar gona da karatun allo da amaryata Hajara, wadda mahaifinta, Bafillace mai garke guda, ya ba ni ita alhali ko akuya ban mallaka ba. (Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko da a rubuce. Baffa nake ce masa.) Aikin nan nake so da dukkan zuciyata, don ya ga bai yi asarar ɗiyarsa ba.

Wanda ya koya mini mota Mamman Dogo ne, mai akori-kura da ke jigila tsakanin Batsari da Katsina. Bayan an kawar da amfanin gona sai ya kai ni wani fili a Yasore, ya kakkafa kara, ya kife turmi a tsakiya ya ce shi ne shataletale.

"Birni ba daji ba ne," in ji shi. "A nan saniya ce za ta tare maka hanya, ita kuwa tana da hankali. A can mai keke ne."

Na zana alamomin hanya a allona, na rubuta sunan kowace da ajami a ƙarƙashi, ina bita kamar mai hadda. Hajara ta ce ko tuwo nake ci ƙafata ta hagu na neman kuloci. Ranakun kasuwa kuma Mamman Dogo kan ba ni sitiyari mu ratsa cikin Katsina, yana zaune kusa da ni yana salati. Mun shirya wa keke, mun shirya wa mai tura kura da jaki da ɗan sanda mai ba da hannu, har mahaukacin bakin tasha mun san inda yake tsallakawa. Abu guda ne bai zo mana a rai ba.

Ranar gwaji na yi nafila, na tofa abin da ya sauƙaƙa, muka kama hanyar Katsina ni da Mamman Dogo. Mai gwajin wani siriri ne da fararen kaya da hula mai baki, ba ya dariya. Ya sa na yi ribas tsakanin gwangwanaye, ban taɓa ko ɗaya ba. Ya shigo ya zauna, ya ce mu shiga gari. Mamman Dogo ya tsaya a bakin ofishin gwajin yana kallon motarsa kamar ba za ta dawo ba.

Wallahi tuƙi na yi mai kyau. Na duba madubi, na ba da hannu, na bar wata tsohuwa mai tallar nono ta tsallaka. Har na ga mai gwajin ya gyara zama ya jingina. Muka doshi kasuwa, inda titin ya ɗan yi gangara zuwa shataletale. Ina ɗaga ido sai ga Baffa tsaye a bakin titi, da malfarsa da sandarsa, ya zo sayen kanwar shanu.

To, a wajenmu ba a wuce suruki a bisa abin hawa. In jaki ne ka sauka, in keke ne ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Tun ina neman aure haka nake yi masa, ko a tsakiyar ƙaya muka haɗu. Ba zan ce na yi shawara da zuciyata ba, jikina ne ya yi aikinsa. Na taka birki, na fitar da giya, na buɗe ƙofa, na fito, na tuɓe takalma na ajiye su gefe, na durƙusa a kan kwalta.

"Baffa, barka da rana. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gajiya?"

"Babu gajiya. Ya aka baro mutanen gida?"

"Suna lafiya."

"Ya su Inna? Ya shanu?"

Ina jin ana ta danna hon a bayana, amma na ɗauka hayaniyar birni ce kawai. Shi kuwa Baffa, saboda kunya irin tasu, ba ya kallon fuskata in muna gaisawa, sai ya kau da kai gefe yana amsawa. Wannan kau da kan ne ya sa ya riga ni gani. Sai da ya bari na kai ƙarshen tambayata, don bai iya katse mutum ba, sa'an nan ya ce a hankali, "Shanu alhamdu lillahi. Sai dai ƙarfen naka ya yi gaba."

Na waiwaya. Akori-kurar Mamman Dogo na gangarawa ita kaɗai, ƙofa a buɗe, mai gwajin ya kwanta rub da ciki a kan kujera yana lalubar birkin hannu, hularsa na mirginawa a titi. Wani mai rake ya watsar da wuƙarsa ya tsere. Na bi ta da gudu ba takalmi, ina kiran "Tsaya, tsaya," kamar jaki ne ya kwance. Allah da ikonsa mutumin ya samo birkin, ta tsaya saura taƙi ta faɗa kwata.

Kafin in iso jama'a sun kewaye mu. Mai gwajin ya fito yana kakkaɓe riga, wani ya miƙo masa hularsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, tuƙinka ba laifi, in kana cikin motar."

Aka fashe da dariya. Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan, sai jama'a suka dare, ga Baffa tafe riƙe da takalmana a hannu. Surukina, mai furfura, ɗauke da takalmana a gaban kasuwar Katsina. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Ya ajiye su a gabana, ya juya wajen mai gwajin. "Ranka ya daɗe, yaron nan ba wauta gare shi ba. Ni na ja masa. Da ban fito yau ba, da ya kai ka gida lafiya."

Mutumin ya jujjuya hularsa a hannu. Can ya ce, "Baba, ni ma ina da suruki. Amma yau kam ya faɗi. Ya dawo mako mai zuwa, ku kuma don Allah a zauna gida."

Haka kuwa aka yi. Hajara ta ba ni labari cewa ranar Baffa ko kiwo bai fita ba, ya kuma aika wa 'yan'uwansa dattawa cewa duk mai uzuri a Katsina ya ɗaga sai gobe. Na ratsa birni ban ga fuskar da na sani ba, na sami lasin, azumi ya same ni a cikin jif ɗin ofishin gona.

Na yi shekaru ina tuƙi, kuma har Baffa ya koma ga Mahaliccinsa, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa wuce shi a bisa mota ba. Ban daina sauka ba, ban daina durƙusawa ba. Abin da dai na ƙaru da shi a Katsina shi ne, kafin in tuɓe takalmi sai na ja birkin hannu tukuna.