Jarkokin Almai

Ba zan taɓa mantawa da jarkokin ƙarfen nan biyu ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. A Riyad abin ya faru, tsakiyar shekarun tamanin, lokacin ina aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. Matata Binta ungozoma ce a wani asibiti a can, tana zaune a unguwar Murabba da 'yarmu Ummi. Ni kuwa baƙo ne a gidana: in yi wata da watanni a teku, in sauko hutu da jaka da labarai. 'Yan Najeriyar da ke benenmu Kyaftin suke ce mini. (Ban taɓa jan jirgi ba, amma ban ga dalilin ɓata wa mutane rai da gyara ba.)

A hutun wannan shekarar surukata, Inna, ta zo mana ziyara daga Kano. Dama can ba ta taɓa sakin jiki da ni ba. Ba ta faɗa a gabana, amma na ji ƙishin-ƙishin ta ce ita ba ta ga bambancina da hoton da ke jikin bango ba. Burinta ɗaya ne, ta yi umara kafin bizarta ta ƙare, kuma kwanakin sun zo gangara. Daga Jidda jirginta zai tashi zuwa gida. Binta ta ce mu bi jirgin sama. Na ce sam. Ga mota a ƙofar gida tana shan ƙura tunda mata ba sa tuƙi a ƙasar, ga ni na dawo. Ni zan ratsa da su hamada har Makka, Inna ta gani da idonta cewa namiji 'yarta ta aura.

Sai na mayar da gidan jirgin ruwa. Na duba taya, na canza baƙin mai, na ɗaure kaya a saman mota da irin ƙullin da muke yi a teku, ina yi ina bayani ba wanda ya tambaye ni. Binta na soya dambun nama ina tsaye a kanta ina lacca a kan guzuri. Na je unguwar Manfuha na sayo tsofaffin jarkokin ƙarfe biyu, domin a ƙa'idarmu ba a barin tasha sai da man ko-ta-kwana.

A nan ya kamata in yi maganar Larabcina. A jirgi da Turanci muke aiki, amma ni na ƙirƙiro wata dabara: rabin Hausa ai Larabci ne, ka faɗi kalmar daga maƙogwaro, in ta ƙi ka liƙa mata "al". Na gwada da albasa, an ba ni albasa. Na gwada da sabulu da sukari, duk an gane. Tun daga nan na daina tambayar kowa.

Na tsaya a gidan mai, na dire jarkokin gaban wani dattijo mai zuba mai, na buga su da tafin hannu.

"Al-mai," na ce, har da kumbura murya. "Ful!"

Ya dube ni, ya dubi jarkokin. "Moya?"

Na ɗauka haka suke lanƙwasa kalmar a yarensu. "Aiwa, aiwa. Safar. Makka."

"Masha Allah," ya ce, ya ɗauke su ya zagaya baya. Ni kuma na shiga kanti neman maganin mura, don sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya toshe mini hanci ko ƙamshin miya ba na ji. Da na fito ya riga ya sa su a but. Na zaro kuɗi, ya ɗaga hannu. "La, la. Fi sabilillah."

Jama'a, da na isa gida har zama na yi na ba da labari. Na ce wannan ita ce ƙasar arziki, matafiyi zuwa Makka kyauta ake ba shi fetur. Binta ta ce ita dai tunda ta zo ba ta taɓa jin haka ba. Na ce ai sai wanda ya iya magana da su.

Ranar tafiya, bayan asuba, maƙwabta suka sauko rakiya. Inna ta shiga baya da carbinta da jikarta. Zirga-zirgar shiri ta cinye man tanki, Binta ta ce mu biya gidan mai a hanya.

"Da namu a hannu?" na ce. Na fito da jarka ɗaya daga but, na kafa mazurari, na fara tuttulawa a gaban kowa. Na ga abin yana zuba fari tas, sai na ɗaga murya yadda Inna za ta ji: "Ku dubi tsabtar man ƙasar nan! Wallahi kamar ruwa!"

(Ni na faɗa da bakina. Mutumin da aikinsa ke nan, kula da inji.)

Mota ta tashi lafiya. Aka ɗaga mana hannu, ana "Kyaftin, a yi mana addu'a!" Ba mu kai ƙarshen layi ba ta fara tari, ta yi jijjiga, ta mutu murus. Masu rakiyar ko hannu ba su gama saukewa ba. Suka tako suka same mu.

Na buɗe gaban mota ina taɓe-taɓe, ina cewa ƙaramin abu ne. Binta ta fito daga mota. Ta zagaya ta buɗe jarka ta biyu, ta shinshina, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. Sannan ta matso kusa, ta rage murya.

"Baban Ummi, me ka ce wa mutumin ya zuba maka?"

"Al-mai."

Ta rufe ido. "Mai a bakinsu ruwa ne. Moya ma ruwa ne. Fetur kuwa 'banzin' suke ce masa."

Ta rage murya, amma ba ta rage sosai ba. Wani maƙwabcinmu likita ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ji zufa ta karyo mini har cikin takalmi. Na sha ganin igiyar ruwa mai tsayin bene ban ji abin da na ji a wannan layin ba. Ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Tsohuwar nan ce a kujerar baya, wadda ta yi shekaru tana jiran ganin Ka'aba, ni kuma na tsayar da ita a bakin kantin wanki saboda son a sani.

Aka ja motar zuwa gareji a Manfuha. Sai da aka sauke tanki aka wanke, aka busar da duk inda ruwan ya bi. Muna nan zaune a kan benci har azahar, Inna carbi kawai take ja. Da aka kira salla ta dubi Binta, don ba ta yi mini magana kai tsaye.

"Ki ce wa mijinki ya zubo mini man nasa in yi alwala."

Na ɗauko jarkar da ta rage, na durƙusa ina zuba mata a hannu, kaina a ƙasa. Da ta idar ta goge fuska, ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Ko banza yau ya yi amfani."

Washegari muka tashi, ba lacca ba bayani. Inna ta samu umararta a ƙurarren lokaci, daga Makka kai tsaye muka wuce da ita filin jirgi. Ziyarar Madina da na yi mata alkawari kuwa ta tafi tare da ruwan tankin, kuma wannan har yau yana damuna.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya maimaita maka kalmarka da alamar tambaya, tsaya ka tambaye shi me ya ji. Amma darasin ya zo a makare, domin labarin ya riga ni isa Kano. Sunan Kyaftin ya mutu a layin nan na Murabba. A dangin matata, har jikoki, Alhaji Almai suke kirana, kuma amsawa nake yi.